SARKIN MUSULMI MUHAMMADU BELLO (1781–1837): SARKI, MALAMI KUMA MASANIN MAGANI

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci sunan Muhammadu Bello a ƙasar Hausa, abin da yakan fara faɗowa a zukatan jama'a shi ne jihadi da sarauta da ginin birnin Sakkwato. Ba kasafai ake tunawa da cewa wannan bawan Allah yana cikin malaman ƙasar nan da suka fi yawan rubuce-rubuce a kan cututtuka da magungunansu ba. Wannan babi zai kawo tarihin rayuwarsa a taƙaice, tare da mayar da hankali a kan gudummawar da ya bayar a fagen magani. Daga ƙarshe kuma za a kwatanta aikinsa da abin da ya faru a ƙasar Sin, inda aka adana littattafan magabata a kan itatuwa da saiwoyi, aka yi ta nazarinsu har duniya ta ci moriyarsu. Manufar ita ce ɗalibi ya fahimci cewa Bello ya ɗauki kula da lafiyar talakawa a matsayin wani ɓangare na nauyin shugabanci, kuma ya zaɓi rubutu a matsayin hanyar sauke wannan nauyi.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781, wadda ta yi daidai da 1195 bayan Hijira. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa sunanta Hauwa'u. Danginsu Toronkawa ne, waɗanda suka daɗe da shahara wajen karatu da karantarwa a yankin Gobir. Ya taso a Degel, ƙauyen da ya zama matattarar almajirai daga sassa daban-daban saboda zaman Shehu a cikinsa.

A gida ya fara karatu. Ya yi karatu a wurin mahaifinsa da kuma ƙanen mahaifinsa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da wansa Muhammadu Sa'adu, da wasu malamai na jama'ar Shehu. Ya nazarci Alƙur'ani da tafsiri da hadisi da fiƙihun mazhabar Malikiyya da nahawu da lugga da sufanci. Harshen gidansu Fulatanci ne, harshen mu'amala da jama'a Hausa, harshen karatu da rubutu kuma Larabci. Ƙwarewarsa a Larabci ita ta buɗe masa ƙofar karanta littattafan da ake shigowa da su ta hannun alhazai da fataken Sahara, waɗanda suka haɗa da na tarihi da lissafi da magani. Tun yana saurayi aka san shi da naci a kan littafi, halin da bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

3.0 Rawar da Ya Taka a Jihadi

Bello yana da kimanin shekara 23 lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, har ta kai ga hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza yaƙin Tabkin Kwatto, inda jama'ar Shehu suka yi nasara. Sai dai shekarun da suka biyo baya sun zo da tsanani. A yaƙin Tsuntsuwa an yi asarar mutane masu yawa, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani, haka ma a Alwasa a 1805 an sha wuya. Ban da raunukan yaƙi, yunwa da cututtuka sun addabi jama'a, domin suna ta ƙaura daga wuri zuwa wuri ba tare da gonaki ko rumbuna ba. Duk wannan a gaban idon Bello aka yi shi.

Shi ne Shehu ya tura ya gana da shugabannin jama'a na ƙasashen gabas a Birnin Gada, kuma shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. A 1809 ya fara gina Sakkwato. A 1812 Shehu ya raba ɗawainiyar mulki gida biyu, ya ba Abdullahi ɓangaren yamma, ya ba Bello ɓangaren gabas. A cikin wannan shekara ce Bello ya kammala littafinsa mai suna Infaƙul Maisuri, wanda har yau yake cikin manyan madogaran tarihin jihadi da na ƙasashen wannan yanki.

4.0 Sarautarsa

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a a matsayin Sarkin Musulmi. Farkon mulkinsa ya gamu da tawaye, musamman na Abdussalami a Kware, wanda aka murƙushe a farkon 1818. Haka kuma an sami ɗan sanyin dangantaka tsakaninsa da Abdullahi, amma suka daidaita bayan da Bello ya kai masa ɗauki a Kalambaina. Babban mataimakinsa shi ne Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin ƙanwarsa Nana Asma'u. A zamaninsa ne aka naɗa Ibrahim Dabo Sarkin Kano a 1819.

Muhimmin abin da ya bambanta mulkinsa shi ne kafa garuruwan ribaɗi a kan iyakoki, da zaunar da makiyaya wuri guda, da ƙarfafa noma da sana'o'i. Wurno, inda ya riƙa zama a ƙarshen rayuwarsa, tana cikin waɗannan garuruwa. Ra'ayinsa a kan wannan al'amari ya fito fili a littafin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. A cikinsa ya nuna cewa wajibi ne shugaba ya kula da masu sana'ar da jama'a ba sa iya rayuwa sai da su, ya kuma tabbatar da samuwarsu a kowane gari da ƙauye. Da ya zo lissafa su, sai ya ambaci masu magani tare da manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa. Wannan ya nuna cewa a wurinsa mai magani ma'aikacin al'umma ne, kuma samar da shi haƙƙi ne da ke wuyan sarki.

5.0 Yanayin Magani a Ƙasar Hausa a Zamaninsa

Kafin jihadi, da ma bayansa, Hausawa suna da masu magani iri-iri. Akwai wanzami mai yin ƙaho da tsaga da kaciya da cire beli, da maɗori mai gyaran karaya da targaɗe, da ungozoma mai karɓar haihuwa. Akwai ɗan magori da 'yar mai ganye masu tallar saiwoyi da sassaƙe, sannan ga boka da 'yan bori waɗanda ke danganta cuta da iskoki. Malamai kuma suna bayar da rubutun sha da tofi da addu'a. Mafi yawan wannan ilimi a ka yake. Uba ne ke koya wa ɗa, uwa ta koya wa 'ya, kuma akan ɓoye shi saboda shi ne hanyar cin abinci. Illar haka ita ce duk ranar da masani ya mutu bai koyar ba, to saninsa ya bi shi kabari.

A gefe guda kuma akwai rubutaccen ilimin magani da ya zo cikin littattafan Larabci, wanda ya kasu kashi biyu. Na farko shi ne ɗibbun Nabawi, wato magungunan da suka zo a hadisai, irin su zuma da habbatus sauda da ƙaho da sanamaki, waɗanda malamai kamar Ibnul Ƙayyim da Suyuɗi suka tattara. Na biyu shi ne ilimin likitancin da Musulmi suka gada daga Yunanawa suka bunƙasa shi, wanda Ibn Sina ya zama jigonsa. Wannan ilimi ya ginu ne a kan cewa lafiya tana samuwa idan an sami daidaito tsakanin zafi da sanyi da danshi da bushewa a jikin mutum, cuta kuwa tana aukuwa idan ɗaya ya rinjayi sauran. Don haka akan ba mai ciwo abinci ko maganin da ke kishiyantar abin da ya rinjaya.

Malaman jihadi sun yi adawa da duk wani magani da ya ƙunshi bautar iskoki ko tsafi. To amma hani kaɗai ba ya warkar da mara lafiya. Idan an hana mutum zuwa wurin boka, dole a nuna masa inda zai nufa idan ciwo ya kama shi. Wannan giɓi ne Bello da 'yan uwansa malamai suka yi ƙoƙarin cikewa da alƙalaminsu.

6.0 Rubuce-rubucensa a Kan Magani

Littattafai da wasiƙu da waƙoƙin da ake jingina wa Bello sun haura ɗari, kuma da dama daga cikinsu a kan magani suke. Ana iya kasa waɗannan gida biyu.

Kashi na farko ya ƙunshi littattafan da suka tattara magunguna gaba ɗaya. A cikinsu akwai Al-Mawaridun Nabawiyya fil Masa'iliɗ Ɗibbiyya, wanda ya dogara a kan abin da ya zo daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Akwai Ujalatur Rakib fiɗ Ɗibbis Sa'ib, wanda sunansa ke nuni da guzurin gaggawa da matafiyi kan riƙe. Akwai kuma Talkhisul Maƙasidil Mujarrada fil Adwiyatil Farida, wanda taƙaitawa ce a kan zaɓaɓɓun magunguna.

Kashi na biyu ya ƙunshi ƙananan littattafai, kowanne a kan cuta guda ko magani guda. Ya rubuta Al-Ƙaulul Mansur a kan magungunan basir. A kan ciwon ido ya rubuta Masugul Lujain da kuma Ɗibbul Hayyin. Yana da wani ɗan littafi a kan maganin tsutsar ciki, da wani mai suna Al-Ƙaulus Sana a kan yadda ake amfani da ganyen sanamaki wajen sassauta ciki da wanke shi.

Idan aka dubi wannan jeri za a lura da abubuwa uku. Na farko, cututtukan da ya zaɓa su ne waɗanda ke damun talaka yau da kullum: basir da ciwon ido da tsutsa da taurin ciki. Na biyu, littattafan gajeru ne, ta yadda almajiri zai iya kwafe su da hannu cikin 'yan kwanaki, su yaɗu daga gari zuwa gari a zamanin da babu injin ɗab'i. Na uku, keɓe littafi guda ga cuta guda alama ce ta mai son tantancewa, wanda ke son a san cutar da dalilinta da maganin da ya dace da ita.

Misalin sanamaki ya isa ya nuna darajar abin da ya yi. Wannan ganye ɗan uwan filasko ne da Hausawa suka sani. Binciken zamani ya gano sinadaran da ke cikinsa waɗanda ke motsa hanji, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Binciken ya kuma tabbatar da cewa yawan shansa yana haddasa murɗar ciki da zawo da raunana jiki. Ke nan sanin hanyar amfani da shi, wanda shi ne batun littafin Bello, yana da muhimmanci kamar sanin ganyen kansa.

Ba shi kaɗai ya yi wannan aiki ba. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan a kan abin da ke gyara addini da jiki. Malam Muhammadu Tukur, wanda ya zauna a Matuzgi ta ƙasar Zamfara, ya rubuta Ƙira'ul Ahibba da Ma'awanatul Ikhwan. Nana Asma'u kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839, a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani.

7.0 Bello da Baƙin Turawa

Wani abin da ya ƙara fito da sha'awar Bello ga ilimin magani shi ne ganawarsa da Baturen Ingila Kyaftin Hugh Clapperton. Wannan Bature ya shigo ta Barno, abokin tafiyarsa Likita Oudney ya mutu a Murmur kusa da Katagum a watan Janairu na 1824, shi kuma ya wuce Kano, ya isa Sakkwato a watan Maris. Ya tarar da sarki mai yawan tambaya a kan ƙasashen duniya da addinai da kayan auna taurari. A cikin buƙatun da Bello ya gabatar wa Sarkin Ingila George na IV akwai neman a aiko masa da wakili da kuma likita da za su zauna a ƙasarsa.

Gwamnatin Ingila ta sake turo Clapperton a 1825 tare da likitoci biyu, Morrison da Dickson, amma babu wanda ya iso Sakkwato a cikinsu. Morrison ya mutu jim kaɗan bayan sun baro Badagry, Dickson kuma ya bi wata hanya ta Dahomey, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Clapperton ya sadu da Bello a 1826, ya miƙa masa kyaututtuka da suka haɗa da littattafan Larabci, cikinsu har da na lissafi na Iƙlidis da wani na Ibn Sina. Shi ma Clapperton ciwo ya kama shi, ya mutu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu, 1827. Burin Bello na samun likitan Turai bai cika ba, amma neman da ya yi ya nuna cewa bai ɗauki ilimin magani a matsayin mallakar wata al'umma guda ba. A shirye yake ya karɓe shi daga duk inda ya fito, muddin zai amfani jama'arsa.

8.0 Ƙarshen Rayuwarsa

A 1836 Bello ya jagoranci babban yaƙinsa na ƙarshe a Gawakuke, inda ya yi galaba a kan haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa. Bayan wannan ya yi jinya, ya rasu a Wurno a watan Oktoba na 1837, daidai da Rajab na 1253, bayan shekara 20 yana sarauta. A can aka binne shi, kuma har yau ana ziyartar hubbarensa. Ƙanensa Abubakar Atiku ne ya gaje shi. Waziri Giɗaɗo ya rubuta littafin Al-Kashfu wal Bayan a kan halayensa, Nana Asma'u kuma ta yi masa waƙar Fulatanci mai suna Gikku Bello.

9.0 Darasi Daga Ƙasar Sin

Domin a gane ƙimar abin da Bello ya bari, yana da kyau a dubi wata al'umma da ta yi nisa wajen rubuta maganinta na gargajiya, wato Sinawa. Alaƙar ba ta da nisa kamar yadda ake zato, domin littattafan magani na Larabawa sun daɗe suna ambaton kayan da ke zuwa daga Sin, kamar kirfa wadda suke kira darsini, da saiwar rawand mai wanke ciki. Haka kuma Sinawa suna yin ƙaho kamar wanzaman Hausa, suna kuma kasa cututtuka da magunguna zuwa masu zafi da masu sanyi.

Maganin gargajiya na Sin ya tsaya ne a kan manyan ginshiƙai biyu. Na farko shi ne jinya ta hanyar sassoka siraran allurai a wasu keɓaɓɓun wurare na jiki, wadda aka yi bayaninta a littafin Huangdi Neijing fiye da shekara 2,000 da suka wuce. An daidaita sunayen waɗannan wurare guda 361, kuma hukumar UNESCO ta sanya wannan fasaha cikin al'adun duniya da ake tattalinsu a 2010. Na biyu shi ne magani da itatuwa da saiwoyi da ma'adinai. Wani masani mai suna Li Shizhen, wanda ya rayu daga 1518 zuwa 1593, ya shafe kimanin shekara 27 yana tattara littafin Bencao Gangmu, wanda ya ƙunshi magunguna 1,892 da haɗe-haɗe sama da 11,000.

Amfanin wannan adani ya bayyana a ƙarni na 20. Wata masaniya mai suna Tu Youyou, da ke neman maganin zazzaɓin cizon sauro, ta koma ga littafin Ge Hong na ƙarni na 4. A ciki ta ga cewa jiƙa ganyen kinghawo, wanda dangin tazargade ne, ake yi a ruwa a matse shi, ba dafa shi ake yi ba. Daga nan ta gane cewa zafi ne ke lalata sinadarin. Ita da abokan aikinta suka tace shi ba tare da zafi mai yawa ba, suka fitar da sinadarin atemisinin a 1972, aka kuma ba ta lambar Nobel a 2015. Magungunan da ake haɗawa da wannan sinadari su ne ake ba masu zazzaɓin cizon sauro a asibitocin Nijeriya da Nijar a yau. Abin lura shi ne an gwada ɗaruruwan haɗe-haɗe na gargajiya kafin a dace da wannan guda, sauran kuwa ba su ci jarrabawa ba. Rubutu ne ya adana bayanin har tsawon ƙarnuka, gwaji kuma ya ware mai amfani daga marar amfani.

10.0 Kammalawa

Muhammadu Bello ya yi rabin farko na wannan aiki, domin ya fitar da ilimin magani daga ɓoye ya sa shi a takarda. Kwafe-kwafen littattafansa suna nan a wurare irin su Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da kuma hannun iyalan malamai. Masana irin su Murray Last da Isma'il Abdalla sun yi nazari a kansu, sai dai yawancin Hausawa ba su taɓa karanta su ba, saboda da Larabci suke.

A Kano, wanda ya bi ta unguwannin Hotoro da Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi zai ga shagunan maganin Musulunci cike da zuma da habbatus sauda da sanamaki, ga masu tallar saiwoyi, ga magungunan ganye da ake shigowa da su daga Sin, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya. Mara lafiya yakan zaga tsakanin waɗannan wurare, sau da yawa ba tare da sanin abin da ya sha ko adadin da ya kamata ya sha ba. Rabin aikin da ya rage shi ne fassara littattafan magabata zuwa Hausa, da tantance sunayen itatuwan da ke cikinsu, da miƙa su ga masana harhaɗa magunguna domin gwaji. Matakai biyu na farko aikin masana harshe ne, kuma a nan ɗalibin Hausa yake da rawar da zai taka.

Tambayoyin Bita

1. Kawo taƙaitaccen tarihin Muhammadu Bello daga haihuwarsa zuwa hawansa sarauta.
2. Wane matsayi Bello ya ba masu magani a littafin Usulus Siyasa?
3. Lissafa littattafansa guda biyar a kan magani, tare da bayanin abin da kowanne ya ƙunsa.
4. Bambanta tsakanin ɗibbun Nabawi da ilimin likitancin da Musulmi suka gada daga Yunanawa.
5. Wane darasi masu nazarin maganin gargajiya na Hausa za su koya daga aikin Tu Youyou?
6. Tattaro sunayen itatuwa goma da ake magani da su a yankinku, ka bayyana cutar da ake sha wa kowanne.